Zauren Tambaya da Amsa: Adashi, Kofaretib da Maganar Kuɗin Ruwa

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar kuɗi, kuma ba na gwamnati ba, namu na talakawa da muke tarawa a tsakaninmu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda aljihu ya koma, banki kuma ba kowa yake kallo da idon rahama ba, shi ya sa ake ta tambaya kan ƙungiyoyin gama kai na ajiya da lamuni, waɗanda aka fi sani da kofaretib. Na ɗan rage tsawon wasu saƙonnin, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Salam Malam dan Allah ina da tambaya. Ni tela ce ina ɗinki a gida nan Ƙofar Marusa, na daɗe ina adashi da matan unguwa dubu biyu duk sati, toh matsalar itace duk sanda nake buƙatar kuɗin ba lokacin ɗaukata bane, kamar gabanin sallah da nake son sayen yadi da zare sai ace mani sai nan da wata uku, in kuma ɗaukar ta zo sai ta tarar ba wani abin yi kuɗin su tafi a biki da suna. Ƙanwar maigidana tace in shigo kofaretib ɗinsu wai yafi adashi, ni kuma ban gane banbancin ba, ba duk zubi bane? Kuma wai sai na biya kuɗin fom na sayi hannun jari. A yi mani bayani yadda zan gane. Daga wata tela, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Duk zubi ne kam, amma inda kuɗin ke kwana ya bambanta. A adashi abin da aka zuba yau, yau ɗin ake kwashe shi a miƙa wa mutum ɗaya, gobe jakar uwar adashi wayam, saboda haka ko ciwo ne ya kama yaro cikin dare ba inda za ki je ki ce a ranta maki, sai dai ki roƙi mai ɗauka ta yi maki musanya in ta ga dama. A ƙungiyar gama kai kuɗin ba ƙarewa suke a zagaye ba, taruwa suke yi, kowa da shafinta a littafi, cikin tarin nan ake ba mai buƙata rance ta riƙa biya kaɗan-kaɗan, abin da ta maido kuma shi ake ba ta gaba, ajiyarki tana nan da sunanki ba ta ragu ba.

Bari mu yi lissafi da dubu biyun taki. A ce ku 40 ne, duk sati ana tara naira 80,000, cikin wata 6 an haura miliyan 2, ke kuma naki a ciki 52,000 ne. Yawancin ƙungiyoyi ƙa'idarsu sai mutum ya yi kamar wata 6 yana zubi ba fashi kafin a ba shi rance, kuma sukan ba da ninki biyu na abin da ya ajiye, wasu har uku. Kin ga kenan za ki iya neman 104,000 ana saura wata biyu sallah, ki sayo yadinki da zare tun kafin su tashi a babbar kasuwa, ki yi ɗinkin sallah, ki riƙa biya a hankali. Ke ce ke zaɓen lokaci ba layi ba, iyaka dai sai in akwai kuɗi a asusu, don kusa da azumi da lokacin komawa makaranta kowa ke rububin nema, mai wayo tun da wuri take kai takardarta.

Maganar hannun jari kuma ita ce zuciyar abin gaba ɗaya. A banki ke kwastoma ce kawai, masu bankin daban, ribar da aka ci da kuɗinki tasu ce. A nan da kin sayi hannun jarin kin zama ɗaya daga cikin masu ƙungiyar, ke ce mai ajiya, ke ce mai cin bashi, ke ce kuma mai wurin. Ranar babban taro na shekara kowace mamba ƙuri'a ɗaya gare ta, da mai ajiyar miliyan da mai dubu biyar duk ɗaya, ku za ku zaɓi shugaba da sakatariya da ma'aji, ku kuma za ku sauke su in sun karkace. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta Najeriya ta 1993 ma ta hana mutum ɗaya ya riƙe fiye da kashi ɗaya cikin biyar na jarin ƙungiya, don kada wata mai hannu da shuni ta mayar da ita shagonta. Rarar da aka samu a ƙarshen shekara ana ware rubu'i a ajiye don ko-ta-kwana, sauran a raba maku gwargwadon abin da tsarin mulkinku ya ce. Kuɗin fom shi ba ya dawowa, na takardu ne da hidima, amma hannun jari naki ne.

Abin ba sabo bane, kuma talauci ne ya haife shi ba wadata ba. A ƙauyukan Jamus akwai wani magajin gari mai suna Raiffeisen da ya ga yadda masu ba da bashi da ruwa ke raba manoma da gonakinsu da shanunsu bayan yunwar 1846 zuwa 1847, da farko masu kuɗi ya roƙa su taimaka, sai ya ga taimakon mai kuɗi yau akwai gobe babu, shi ne a 1864 ya kafa ƙungiyar da mabuƙatan da kansu ke cikinta suna tsaya wa juna. A Kanada wani Desjardins ya buɗe tasa a 1900, ajiyar farko da aka kawo santi 10 ce kacal, yau tana cikin manyan cibiyoyin kuɗi na ƙasar. Mu nan tun 1935 Turawan mulkin mallaka suka yi dokar gama kai ta farko, manoman koko na yamma suka fi cin moriyarta a lokacin. Mu kuwa adashi dama muna da shi tun kaka da kakanni, abin da ya rage mana shi ne littafi da rajista.

Amma fa ban ce ki watsar da adashinki ba, yana da ranarsa, ba ya son takarda, kuma zumunci ne. Abin da zan ja kunnenki a kai, kuɗin kofaretib ba a cire su yadda ake cirewa a POS, galibi sai kin ba da sanarwa tun da wuri, wasu ma sai ƙarshen shekara, toh kada ki zuba kuɗin cefane. Kuma kafin ki biya ko kwabo ki bi ƙanwar maigidan naki zuwa taronsu sau ɗaya ki zauna a gefe ki yi kallo. In kin ji ma'aji ta tashi ta karanta abin da ya shigo da abin da ya fita da wanda ake bi bashi, mata suna tambaya ana amsa masu ba hararar kowa, alama ce mai kyau. In kuwa taron gaisuwa ne da rabon lemo, littafi yana gidan shugaba ba mai ganinsa, ki riƙe dubu biyunki.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni malamin sakandare ne, a wurin aikinmu akwai kofaretib ana cire mana kuɗi daga albashi duk wata, in ka ci bashi ana ɗora kashi 10 cikin ɗari, su shugabannin suna cewa ai ba riba bace tunda ƙarshen shekara mu ake raba ma. Ni dai zuciyata bata kwanta ba wallahi, ga shi ina son sayen babur na huta da kuɗin Napep. Shin wannan ba kuɗin ruwa bane? Kuma in shine miye mafita, ko dai in fita kawai? Daga wani malami, Sabuwar Unguwa, Katsina.

AMSA: Malam sannu da ƙoƙari, Allah ya biya ku da aikin koyarwa. Ni ba mai fatawa bane, amma wannan ba ta cikin mas'alolin da ke da duhu. Ƙa'idar da malamai suka tafi a kai ita ce duk rancen da aka sharɗanta ƙari a kansa riba ce, wato kuɗin ruwa, ka ba ni 100,000 da sharaɗin in maido 110,000, sunansa kenan ko da wa za a raba wa ƙarin. Hujjar cewa ai mu ake raba ma ba ta tsaya da ƙafarta ba ko a lissafi, don wanda ya biya ƙarin shi ne mai buƙata, wanda ya fi samun kaso a rabon kuma shi ne mai ajiya mai nauyi da bai taɓa cin bashi ba. Kenan daga aljihun mai ƙaramin albashi ake kwasa zuwa na babba.

Kuma tunda kai malami ne bari in ƙara maka da wani lissafi da mutane ba sa lura da shi. Wannan kashi 10 ɗin in a kan uwar kuɗin gaba ɗaya aka ɗora shi tun farko, ana cirewa wata-wata har wata 12, toh ba kashi 10 kake biya ba a zahiri. Wata na farko ne kawai 100,000 ɗin ke hannunka cif, zuwa tsakiyar shekara rabi ya koma, a tsakaice abin da ka riƙe bai wuce 54,000 da 'yan kai ba, amma ka biya 10,000 a kai, wato wajen kashi 18 cikin ɗari. Duk da haka ya fi na manhajojin bashi na waya sauƙi nesa ba kusa ba, waɗannan masu tura wa dangin mutum saƙon cin mutunci, amma dai a san gaskiyar abin.

Fita ba ita ce mafita ta farko ba, don ƙungiyar taka ce, kana da bakin magana. Ana gudanar da kofaretib ba tare da ruwa ba kuma yana tafiya lafiya lau, ma'aikatu da makarantu da yawa a arewa haka suke yi. Hanya biyu aka fi bi. In buƙatar ta kuɗi ce tsagwaronta, asibiti ko kuɗin makarantar yara, sai a ba da rance mai kyau, abin da aka ba ka shi za ka maido, sai dai ɗan kuɗin hidima na takarda da cajin banki wanda yake daidai da abin da aka kashe da gaske, ba wanda ke ƙaruwa da yawan kuɗin ko tsawon watanni ba, in ya zama kaso cikin ɗari toh an dawo gidan jiya da sabon suna. In kuma kaya ne kamar babur ɗinka, sai a yi murabaha, ƙungiya ta je wurin dila ta sayi babur ɗin da kuɗinta, ya shiga hannunta, rasit da sunanta, sannan ta sayar maka ta faɗa maka nawa ta saya nawa ta ɗora, ku yanke farashi ɗaya da za ka biya cikin watannin da kuka amince. Ciniki ne, ribar ciniki kuma halal ce. Irin tsarin da bankunan da ba ruwa ke bi kenan tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012.

Inda ake zamewa shi ne sai kwamiti ya ga zuwa kasuwa wahala ne, sai a tura wa mutum kuɗin a asusunsa a ce je ka saya da kanka, a rubuta murabaha a takarda. Ƙungiyar ba ta taɓa mallakar komai ba balle ta sayar. Na biyu, in an yanke farashi ya yanku, ko mutum ya makara ba a ƙara masa, wasu malamai sun yarda a sa tarar jinkiri ga mai taurin bashi da gangan amma da sharaɗin a ba da ita sadaka, kada ta shiga ribar ƙungiya. Ga kuma wata ƙofar samun riba mai tsabta da ƙungiyoyin ma'aikata suka ƙware a kai, sayo shinkafa da suga da mai a sari gabanin azumi, ko raguna gabanin layya, a sayar wa mambobi bashi da 'yar riba kaɗan.

Shawarata ka nemi abokan aiki masu irin damuwarka, ku rubuta ƙudurin gyaran tsarin mulki ku kai wa sakatare kafin babban taro, ku gayyato malamin da ya san fiƙihun ciniki ya zauna da kwamiti. Za ka sha mamakin yawan waɗanda abin ke damunsu suka yi shiru don kunya.

TAMBAYA: Yallaɓai ina cikin damuwa. Abokina ne tun na yarinta ya ci bashin 300,000 a ƙungiyarmu ta masu gyaran waya ni da wani muka sa mashi hannu, ya biya wata uku sai ya tattara ya bar gari wai yana Legas, waya bata shiga. Yanzu sun riƙe ajiyata sunce ba zan taɓa ba sai an biya, alhali ko sisi ban ci ba. Wannan ba zalunci bane? Daga wani matashi, Ƙofar Ƙaura.

AMSA: Ƙanena Allah ya kawo mafita, abin da ciwo, amma gaskiya ɗaya ce, ba su zalunce ka ba. Banki takardar gida ko fili yake karɓa jingina, kofaretib kuwa ba shi da jinginar da ta wuce mutuncin mambobinsa, sa hannun nan naka shi ne takardar filin. Ranar da ka sa hannu cewa ka yi in bai biya ba ni zan biya, ko a addini ma lamuni haka yake, mai tsayawa shi ke biya. Kuɗin da abokinka ya tafi da su kuma ba na shugaba bane, na sauran masu gyaran waya ne irinka da ke zubi daga abin da suka samu a teburinsu.

Abin da za ka tsaya a kai shi ne a yi lissafin daidai. A fara cire ajiyar shi mai bashin da hannun jarinsa da abin da ya riga ya biya, ragowar ita za a raba tsakaninku ku biyu, ba a ɗora maka duka ba sai in takardar da kuka sa wa hannu ta ce ana iya bin kowanenku da duka, saboda haka ka nemi a nuna maka ita ka karanta. Abin da ya haura kasonka a cikin ajiyarka kana da hakkin neman a sakar maka. Ka roƙi a raba maka biyan wata-wata. Sannan shi abokin naka ai ba daga sama ya faɗo ba, yana da iyaye da yayye a garin nan, ku je da dattawan ƙungiya da mai unguwa cikin mutunci, sau da yawa a nan ake warwarewa, duk abin da ka biya kuma bashi ne kake bin sa har gobe. In kun kasa daidaitawa da kwamiti, ƙungiya mai rajista ofishin daraktan gama kai na jiha ake kai rigimarta a yi sulhu, ba caji ofis ba. Nan gaba kada ka tsaya wa kowa a kan adadin da in ya faɗo kanka zai rufe maka shago.

TAMBAYA: Slm. Akwai wani kofaretib a WhatsApp da ƙawata ta sa ni, in ka zuba 50,000 bayan kwana 30 a baka 70,000, kuma in ka kawo mutum ana baka kamasho, ita har ta karɓa sau biyu naga alat ɗin da idona. Suna da satifiket ma. In shiga? Daga wata ɗaliba, Katsina.

AMSA: Kada ki shiga ɗiyata. Wace sana'a ce ke ba da kashi 40 cikin ɗari duk wata ba asara ba fashi? Da akwai ta da masu ita ba su neme ki ba. Alat ɗin ƙawarki gaskiya ne, kuɗin waɗanda suka shigo bayanta ne aka ba ta don ta jawo ki, naki kuma a ba wata. Haka MMM, wata harkar zubi ta intanet irin wannan, ta yi har ta rufe asusun mutane a watan Disambar 2016, kuma tun daga nan sunan kawai ake canzawa. Satifiket kuwa ko na gaske ne, rajistar gama kai ba ta ba kowa izinin karɓar kuɗin jama'ar gari da alkawarin riba ba, ƙungiyar gaskiya da mambobinta take hulɗa, mutanen da suka san juna a wurin aiki ko kasuwa ko unguwa, tana da taro, tana da zaɓe, kuma ba ta alkawarin riba tun kafin shekara ta ƙare. Ki sani kuma hukumar inshorar ajiya ta NDIC bankuna take rufa wa baya, tun 2024 har naira miliyan 5 ga mai ajiya a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙaramin banki, amma kuɗin kofaretib ko na gaskiyar ma ba sa cikin wannan, balle na wanda ba ki san ko fuskarsa ba. Ki ce wa ƙawarki ta cire nata ta daina kawo mutane, don ranar da abin ya fashe ƙofar gidansu za a zo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, mahaifina ne ya sa in rubuto. Su manoma ne a wani ƙauye kusa da Daura, duk shekara in damina ta kama sai sun ci bashin taki wurin 'yan kasuwa a biya da hatsi da kaka a farashin da mai bashi ya ga dama, ƙarshe buhun da suka bayar da arha shi suke dawowa su saya da tsada da bazara. Shine suke so su kafa ƙungiya su wajen 30, yace a tambaya ta ina ake farawa kuma ance in kuna da rajista gwamnati na bada bashi.

AMSA: Wa alaikumus salam, a gaida Baba da kyau, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Abin da suka hango daidai ne, don wannan zagayen na sayar da arha da kaka a saya da tsada da bazara shi ne ya hana manomin ƙasar Daura da Sandamu da Zango da Ɓaure miƙewa, ba ƙarancin ƙwazo ba. Amma zan fara da jimlar ƙarshe ta saƙon, don a nan ƙungiyoyi da yawa suka mutu tun kafin a raɗa masu suna. Duk ƙungiyar da aka kafa don jiran bashin gwamnati, ranar da bashin ya zo za a yi faɗa a watse, in bai zo ba a gaji a watse. An gani a shirin bashin manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, ƙungiyoyi suka yi ta tsirowa dare ɗaya, mutane da dama suka ɗauka rabonsu ne na arziƙin ƙasa, biya ya zama aiki. Su Baba su fara da nasu, in tallafi ya zo daga baya ya tarar da su a tsaye da littafinsu, toh madalla.

Farawa ba ta buƙatar ofis. Su zauna a ƙofar gidan mai gari ko bayan sallar Juma'a, a rubuta sunan kowa, a yanke nawa ne hannun jari, nawa ne zubi, a zaɓi shugabanni, kai da ka iya rubutu ka rubuta abin da aka tattauna da kwanan wata kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Su yi wata 'yan watanni suna zubi a ga masu gaske, sannan su je ofishin gama kai da ke kula da yankinsu, ba wurin rajistar kamfanoni ba, za a nemi takardar neman rajista da tsarin mulki da bayanin taron farko da sunayen mambobi da kuɗin rajista, jami'an ma suna da samfurin tsarin mulki da za a gyara ya dace da su. Da satifiket ɗin za su buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, kuma a nan nake so a kafe, kada a yarda kuɗin jama'a su zauna a asusun mutum ɗaya komai amanarsa, ko liman ne, don in ya rasu sun shiga gado, in an yi masa kutse a waya sun tafi. Mutum uku masu sa hannu, ba a fitar da kuɗi sai biyu sun sa, mai riƙe littafi daban mai riƙe kuɗi daban, kuma kada su zama 'yan gida ɗaya. Kowane mamba da katinsa a aljihu, duk zubi a rubuta a katin a rubuta a babban littafi a gabansa.

Kada kuma su kwafi tsarin ma'aikata masu albashi. Manomi ba ya samun kuɗi duk wata, saboda haka babban zubi da kaka za a yi shi, har da hatsi ma in an yarda, a auna a gaban kowa a yi masa kuɗi da farashin kasuwar ranar a rubuta. A ce kowane cikin su 30 ya kawo buhu ɗaya na gero ko wake, buhu 30 kenan a ɗaki ɗaya mai makulli biyu, waken a zuba shi a buhunan nan masu leda biyu a ciki da ke hana ƙwari ba sai an sa magani ba. In farashi ya ɗaga a sayar, a sayi taki a sari tun da rani kafin a fara rububi, a raba wa mambobi bashi da farashin da aka yanke, biya bayan girbi. Wannan ya fi a jibge tsabar kuɗi suna kwance, don a ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a lissafin hukumar ƙididdiga, kuɗin da suka kwana shekara a haka sun rame. Sai dai farashin hatsi ba kullum yake hawa ba, akwai shekarar da yake faɗuwa bayan an ajiye, toh kada a zuba komai a hatsi, kuma a sayar kashi-kashi.

Wani haɗarin da ya keɓanta da manoma, in ruwa ya ɗauke da wuri kowa lokaci ɗaya zai kasa biya, ba kamar 'yan kasuwa ba da in wannan ya faɗi wancan na tsaye. Saboda haka su jawo masu wata sana'ar cikin ƙungiyar, mai kiwo, mahauci, mai shago, mai noman rani, da mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa waɗanda kuɗi ke shigo masu duk sati, kuma kada a taɓa rantar da duk abin da ke asusu. A rubuta tun yanzu da ake dariya abin da za a yi in mamba ya rasu da bashi a kansa, da wanda gonarsa ta ƙi, da wanda ya samu amma ya ƙi biya, don waɗannan ukun ba hukuncinsu ɗaya ba. Shekarar farko kuma su taƙaita rancen a kan taki da iri kawai, na aure da na gini su jira sai asusu ya yi ƙwari.

Masu tambaya kan zakkar kuɗin da ke ajiye a ƙungiya da masu tambaya kan rabon gadon mamba, saƙonninku sun iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.